Fostin ɗin gaini (zaman koyon aiki na ɗaliban likitanci a ɓangaren mata da haihuwa): haihuwa ta yi, amma yara mata fa?

Ƙannenmu 'yan aji huɗu sun dame ni da tambayar ya fostin ɗin mata da haihuwa yake a asibitin koyarwarmu, to ga shi nan kowa ya karanta. Ɓangaren haihuwa dai ba ni da ta cewa, leba wod (ɗakin haihuwa) kullum a cike, jijjiga, zubar jini bayan haihuwa, tiyata, za ku gani har ku gaji, logbuk, littafin da ake rubuta aikin da ɗalibi ya gani, ya cika da sa hannu. Inda gizo ke saƙar shi ne yara mata da 'yan mata masu tasowa.

Lakcar a gurguje aka yi ta. Matakan Tanner guda 5 na auna balaga, alamun balaga kafin shekara 8 sun yi wuri, wadda ta kai 15 ba ta fara al'ada ba a bincika, sai ciwon Turner (matsalar ƙwayoyin halitta da ake haihuwar mace da ita, mai tauye tsayi da balaga), shi ke nan mun haddace don jarrabawa. Amma a kawo maka 'yar shekara 6 da ƙaiƙayi ko ruwa mai wari a ce duba ta, wallahi ba wanda ya nuna mana ta ina ake farawa, 'yan ɓangaren yara su turo ta gaini, gaini su ce ai yarinya ce, mu mata ma da ƙyar ake bari mu tsaya balle ɗalibai maza da uwa na ganinsu za ta ce ɗan nan a ba mu wuri.

Wata konsaltan, wato babbar likita ƙwararriya, ce ta fitar da mu kunya. An kawo yarinya da jini a wando, uwar sai kuka take, a gida har an fara zargin fyaɗe. Konsaltan ɗin ta ce "Mama zauna ki ɗora ta a cinyarki", ta fara da tambayar yarinyar ajinta nawa, ta sa ta haɗa tafin ƙafafunta ta buɗe gwiwa, ba ƙarfe ba komai, da ido kawai. Ashe bakin hanyar fitsari ne ya zazzago, wani jan nama zagaye, maganinsa zama cikin ruwan ɗumi da kirim ɗin estrojin (sinadarin jikin mace). Duk da haka sai da ta yi tambayar ko wani na taɓa ta, a hankali, kuma ta ce mana kar mu taɓa tsallake tambayar nan. Abin haushin sa'a ce kawai ta sa na ga wannan, rabin gurup ɗinmu ba su gani ba.

Sannan abubuwan da ke ƙofar gidanmu ba a taɓo su sosai ba. Cire angurya da yankan gishiri na wanzamai, ya ake tambayar uwa ba tare da ta ji an ci fuskarta ba? Budurwar da tantanin budurcinta ya toshe, jini na taruwa, mara na ciwo duk wata tana kumbura har a yi mata ƙazafin ciki? Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, da aka fara a Najeriya a Oktoban 2023 ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14, iyaye na ta tambaya ko yana hana haihuwa, ba a koya mana yadda za mu amsa ba. A jarrabawar oski ma, wadda ake gwada mu a aikace tasha bayan tasha, ko tasha guda ba a ware wa wannan ba, to wane ɗalibi zai damu.

Makina: haihuwa 9 cikin 10, yara mata 4. In kun shiga ku roƙi rejistara, likitan da ke ƙarƙashin konsaltan, ya nuna muku ranar kilinik ɗin konsaltan nan, don ba ya cikin jadawalin da za a ba ku.