Kenzan ko soson fure: abin da ya kamata mai koyon ikebana ya saya

Ikebana, wato fasahar shirya furanni ta mutanen Japan, ba ta buƙatar tarin fure. Reshe uku kan isa, amma kowanne sai ya tsaya daidai inda aka karkata shi. Shi ya sa abin da ke riƙe reshen ya fi kaskon muhimmanci, kuma a nan masu saye ta intanet suka fi yin asara.

Kenzan shi ne na farko, kuma shi ya cancanci kuɗinka. Faifai ne mai nauyi, gindinsa na dalma, an dasa masa allurai na tagulla a tsaye, cunkus. Ma'anar sunan ita ce dutsen takubba. Ya bazu ne tare da salon moribana, wanda Ohara Unshin ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, inda ake jera furanni a faffaɗan kasko marar zurfi da ake kira suiban. Makarantar ikebana ta Sogetsu, da aka kafa a 1927, ita ma da shi take fara koyar da ɗalibai. Garin Sanjo na lardin Niigata, wanda ya yi suna wajen ƙira, yana cikin wuraren da ake ƙera masu kyau.

Mai farawa ya nemi zagayayye mai faɗin santimita 6 zuwa 7. Ƙasa da haka, reshe mai tsawo zai kifar da shi. Akwai wanda ake kira rana da wata, guda biyu ne, zagayayye da mai siffar jinjirin wata, ana haɗa su ko a raba, kuma idan reshe ya yi nauyi ana kifa ɗayan a kan gefen ɗayan don ya danne shi. Baƙin kenzan ya fi ɓuya a cikin ruwa idan kaskon mai duhu ne. Ka duba tazarar alluran: masu matsi sun dace da ciyawa da fure mai siririn kara, masu ɗan faɗi kuma na rassan itace ne. Zoben roba a gindi yana hana santsi, yana kuma kare kasko daga karce.

Wajen aiki, karan fure a yanke shi a miƙe, reshen itace kuwa a karkace, kuma a cikin ruwa ake yankan don kada iska ta shiga ta toshe hanyar shan ruwa. Ana soka reshe a tsaye tukuna har ya zauna, sannan a kwantar da shi zuwa inda ake so. Wanda ya soka shi a karkace tun farko zai lanƙwasa allurai. Kara siriri ƙwarai ana cusa shi cikin guntun kara mai kauri kafin a dasa. Ruwa ya rufe alluran gaba ɗaya.

Soson fure, irin koren nan da kamfanin Smithers-Oasis ya fito da shi a Amurka a 1954, sau ɗaya ake amfani da shi, yana marmashewa ya zama ƙurar roba, ba ya ruɓewa, har ƙungiyar masu lambu ta Ingila da ke shirya bikin furanni na Chelsea ta hana shi a bukukuwanta daga 2021. Shippo da kubari, wato mariƙin ƙarfe mai ramuka da gwafar itace da ake matsewa a bakin dogon tulu, na gwanaye ne, a bar su sai hannu ya faɗa.

Sai batun jabu, wanda ya cika kasuwa. A hoto duk kenzan kama ɗaya suke. Na bogi alluransa baƙin ƙarfe ne aka shafa musu ruwan tagulla. Bayan ɗan lokaci a ruwa sai tsatsa ta fito, ta bar jan tabo a gindin farin kasko, ruwan ya gurɓace. Gwajin ba wuya: kara wa alluran maganaɗisu. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, mayar da kayan. Wani kuma gindinsa ba dalma ba ne, ƙarfe ne marar nauyi ko roba mai mannewa, da ka ɗora reshe sai ya tuntsure. Don haka kada ka sayi wanda mai sayarwa bai rubuta nauyinsa ba, faɗi kaɗai bai isa ba. Ka kuma kama allura ɗaya ka girgiza. A na ƙwarai an narka dalmar ne a kan alluran, sun zama abu guda. A na arha gam aka sa, ɗaya bayan ɗaya suke cirewa. Ka shafa tafin hannu a hankali a samansu, in tsayinsu bai zo ɗaya ba ko bakinsu ya dakushe, zai farfasa kara maimakon ya huda shi. Ƙananan da ake samu a shagunan kayan arha na Japan sun isa fure ɗaya a kofi, ba reshe ba. Rubutun Japananci a jikin kwali kuwa ba shaida ba ne, kowa na iya bugawa.

Tunda dalma ce, a wanke hannu bayan aiki, kada a bar shi inda yara ke kaiwa, kada kuma a sa shi a kwanon abinci. Bayan kowane shiri a goge tsakanin alluran da tsohon buroshin haƙori, a kifa shi ya bushe. Ka haɗa da kenzan naoshi, ɗan bututun ƙarfe ne da ake zura wa allurar da ta lanƙwashe a miƙar da ita, kuɗinsa kaɗan ne.