Littafin da Wauta ke yabon kanta: ra'ayina bayan na karanta

Ƙaramin bugu ne mai bangon takarda, fassarar Turanci ta The Praise of Folly (wato Yabon Wauta). Erasmus, wani malami ɗan ƙasar Holland, ya rubuta shi da Latin a 1509 a gidan abokinsa Thomas More a Ingila, aka fara buga shi a Paris a 1511.

Wauta ce da kanta, a siffar mace, ke hawa mumbari tana cewa ba don ita ba da babu aure, babu abota. Daga nan ta dira kan malaman coci, sarakuna, har da fafaroma. Inda ya fi ratsa ni shi ne inda take nuna cewa wawaye kaɗai ke iya gaya wa sarki gaskiya ya yi dariya, maganar da in mai hikima ya faɗa sai ta jawo masa halaka. Duk wanda ya san wawan sarki a fadojinmu zai gane wannan nan take.

Zane-zanen Holbein, mai zane ɗan Jamus, da ke cikin littafin sun fito tsaf, na ji daɗinsu ƙwarai. Amma rubutun ƙanana ne, takardar kuma shara-shara, har ana hango na bayan shafi. Sunayen gumakan Girka sun yi yawa, bayaninsu kuma can ƙarshen littafi aka kai shi. Duk da haka ya ci kuɗinsa, ku saya.