Last.fm a Hannun Mai Sauraron Waƙoƙin Hausa

Last.fm na daga cikin tsofaffin matattarar masoya waƙa da suka rage a intanet, kuma tun da na haɗa shi da asusuna na Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, na fahimci abin da ya riƙe shi har yau. Duk waƙar da mutum ya saurara, yana rubuta sunanta da na mawaƙin da lokacin da aka ji ta, matuƙar tsawonta ya haura daƙiƙa 30 kuma an saurari rabinta ko minti huɗu daga cikinta.

A Landan aka kafa shi a shekarar 2002 a matsayin rediyon intanet, a daidai lokacin da Richard Jones, wanda yake ɗalibi a Jami'ar Southampton, ya ƙirƙiro Audioscrobbler, manhajar da ke ƙirga waƙoƙin da ake kunnawa a kwamfuta. An haɗe su wuri guda a 2005, kamfanin CBS na Amurka ya saye shi a 2007 a kan dala miliyan 280, sannan a 2014 aka rufe sashen rediyon. Ƙirgar ita ce ta rage, kuma a ganina dama can ita ce jarinsa, domin akwai waɗanda tarihin saurarensu na kusan shekara ashirin yake ajiye a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne jadawalin mako da na shekara, wanda ba ya yi wa kowa kara. Mutum zai iya bugun ƙirji cewa shi na Mamman Shata ne da Ɗan Maraya Jos, amma jadawali ya nuna cewa Hamisu Breaker ne ya cinye masa makon gaba ɗaya. Yana kuma nuna mutanen da zaɓinsu ya yi kama da naka, kuma ta wannan hanya na samu mawaƙan Mali da Nijar da ban taɓa jin sunansu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen waƙoƙinmu, kuma tushen matsalar daga gida yake. Tsarin yana dogara ne da bayanan da ke manne da fayil ɗin waƙa, alhali yawancin abin da muke karɓowa daga masu turi a kasuwa, ko muke saukewa daga shafukan da ke raba waƙa kyauta, an cika gurbin sunan mawaƙi da sunan shago ko na shafin. Sai ka tarar an rubuta sunan Shata iri uku, wani da laƙabin Alhaji, wani da Dakta, wani da Katsina a ƙarshe, kowanne yana tara ƙirgarsa daban, abin da ke sa babban mawaƙi ya fito tamkar wanda ba a saurara. Masu biyan kuɗin wata suna da damar gyara abin da aka riga aka rubuta, amma ni na zaɓi gyara bayanan fayilolina tun kafin in kunna su, aikin da ke cin lokaci sosai ga wanda ya tara tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset.