AJ+ ko BuzzFeed News: sawun wa za ku bi?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokanka kuna shirin buɗe kafar labarai ta Hausa don matasa, kana tambaya tsakanin AJ+ da BuzzFeed News wacce ta fi dacewa ku yi koyi da ita. Na ji daɗin tambayar nan, domin a kasuwa ɗaya suka baje kolinsu, amma yau ɗaya ce kawai ke raye.

Tashar Al Jazeera ce ta ƙaddamar da AJ+ a 2014, da ofishi a San Francisco ta Amurka. Salonta gajeren bidiyo ne mai rubutu ɓaro-ɓaro a kan hoto, yadda ko kana cikin adaidaita-sahu ba ka kunna sauti ba, za ka fahimci labarin. Ba ta jiran matashi ya zo shafinta, ita ke bin sa har Facebook da YouTube da Instagram. Tana kuma da sassan Larabci da Faransanci da Sifaniyanci.

Ita kuwa BuzzFeed, kafar intanet ta Amurka, tun 2006 take, ta yi suna da kacici-kacici da labaran nishaɗi. A ƙarshen 2011 ta ɗauko ɗan jarida Ben Smith daga Politico, wata kafar labaran siyasa ta Amurka, don ya gina mata sashen labarai, kuma 'yan jaridar sun yi aiki na a zo a gani. A 2021 suka ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, kan binciken da suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam game da sansanonin da China ke tsare Musulmi 'yan Uyghur a Xinjiang. Duk da haka, a watan Afrilun 2023 aka sanar da rufe sashen. Har yanzu abin yana yi mini ciwo.

To me ya raba su? Wanda ke biyan albashi. Ƙasar Qatar ce ke ɗaukar nauyin Al Jazeera, don haka AJ+ ba ta kwana da fargabar talla. BuzzFeed News kuwa da kuɗin talla ta dogara, tallar kuma ta dogara da yawan mutanen da Facebook ke turo mata. Da Facebook ya sauya tsari a Janairun 2018, ya fifita saƙonnin dangi da abokai a kan labarai, sai masu karatu suka fara janyewa. Bincike mai zurfi yana cin watanni da kuɗi masu yawa, talla ba ta iya riƙe shi ba.

Kuɗin gwamnati ma da nasa sharaɗin. A 2020 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta umarci AJ+ ta yi rajista a matsayin wakiliyar gwamnatin Qatar, kuma mai lura zai ga labaran da take zafafawa da waɗanda take wucewa da sauri.

A ganina, ku ɗauki salon AJ+, domin ya dace da matashin da ke lissafin data. Amma ku sani ba ku da Qatar a bayanku, halinku ya fi kama da na BuzzFeed News. Kafin ku saki bidiyo na farko, ku zauna ku rubuta wanda zai biya kuɗin data da na mai tace bidiyo na wata shida, kuma tun ranar farko ku fara tara masu bibiyarku a WhatsApp ko Telegram, inda sauyin tsarin Facebook ba zai raba ku da su ba.