Kuloci mai laushi ko mai yumbu: wanne za a ɗora wa motar da aka ƙara wa ƙarfi?

Masu motocin gudu a Garwa da Marwa sun dame mu da wannan tambaya, musamman idan kulocin asali ya fara sulɓi bayan an ƙara wa inji turbo.

Farantin kuloci mai laushi, haɗe da filawil (faifan ƙarfe mai nauyi a bayan inji, wanda farantin ke kamawa) na asali mai ɓari biyu, yana kamawa sannu a hankali. Mai yumbu kuwa, mai fuka-fuki 4 ko 6, galibi da filawil mara nauyi ake haɗa shi: inji ya tashi da sauri, farantin yana jure zafi, amma kamunsa kamar tarko. A cunkoson 'yan babur kusa da kasuwa mota za ta riƙa fizga tana mutuwa, giya kuma ta yi ta ƙara a tsaye. Mai yumbu yana kuma cin fuskar filawil.

Wajen kuɗi, filawil mai ɓari biyu ya fi mara nauyi tsada idan ya lalace, kuma zafin sulɓi ne ke kashe shi.

Ko wanne aka ɗauka, a sa sababbin kusoshin filawil da sabon boris na kuloci, a yi kilomita kamar 800 ba tare da fizga ba.

Mai zirga-zirgar gari da tafiyar Ngaundere, mai laushi ya ishe shi. Mai yumbu na wanda motarsa ta tsere ce.