Wata uku da manhajar koyon nahawun Turanci: yadda muka kwashe da darasin suna

Jan biro ne ya sa na sauke manhajar nan. 'Yata mai shekara 11 ta dawo da takardar gwaji, malamarsu ta zagaye mata kalma ɗaya har wuri uku: "advices". Ta miƙo mini ta ce, "Baba, ai shawarwari ne da yawa, don me ba za a sa s ba?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga abin da na sani kawai shi ne ba a faɗin haka. Shekara da shekaru ina rubuta wasiƙun ofis da Turanci, amma yarinya ta ƙure ni da tambaya guda.

Manhajar ta koyar da nahawun Turanci ce, da gajerun bidiyoyi da ba su wuce minti 5 ba, kowanne da tambayoyi a bayansa. Ba zan kama sunanta ba, tunda akwai inda zan soke ta. Mun yi wata uku muna zama da ita kusan kullum da daddare, kamar minti 20, waya a hannun yarinyar ni kuma ina leƙe ta kafaɗarta.

Manhajar ta fara da raba kalmomin Turanci gida 8: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, mahaɗi, kalmar motsin rai, sai ƙananan kalmomin nan irin su "in", "on" da "at". Bidiyon farko ya burge ni, don ya faɗi cewa kalmar "noun" ta samo asali ne daga "nomen" ta Latin, ma'anarta suna, kuma rabon nan gida 8 gado ne daga masu nahawun Girkanci na sama da shekara 2,000 da suka wuce, ko da yake a lissafinsu sifa tana cikin suna ne, ba ta da ɗakin kanta. Nan na tuna da nahawun Larabci, inda tun zamanin malamin nahawun nan Sibawaihi a ƙarni na 8 aka tsaya a kan 3, ismi da fi'ili da harafi, sifa ma ismi ce. Na gaya wa yarinyar kada ta ɗauki 8 ɗin nan tamkar saukakken abu, mutane ne suka zauna suka tsara.

Daga nan aka shiga suna, kuma nan matsalata ta farko take. Darussa shida a jere suna nanata cewa suna shi ne sunan mutum, ko wuri, ko abu. Ga hoton likita, ga hoton kasuwa, ga hoton kujera. Yarinya ta haddace tsaf. Sai tambaya ta fito da "happiness", ta juyo ta ce, "Baba, farin ciki mutum ne ko wuri ko abu?" Washegari kuma aka ba ta "Please water the flowers", ta danna "water" a matsayin suna, don ruwa ai abu ne. Waya ta yi ƙara, jan gicciye ya fito, aka wuce tambaya ta gaba ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. Na ga ranta ya ɓaci, kuma da gaskiyarta: abin da aka koya mata ta bi.

Maganin yana cikin manhajar, amma an binne shi can a darasi na 14, a ɓangaren da sai an biya ake buɗewa. A can ne malamar bidiyon ta ce a daina tambayar me kalmar take nufi, a duba inda ta zauna a jimla. Za ka iya sa "the" a gabanta? Tana karɓar jam'i? Tana iya zama mai aikata aikin ko wadda aikin ya faɗa wa? "The water is cold", suna ne. "Water the flowers", aikatau ne. Haka "book" take, littafi ce a wani wuri, a "book a room" kuma kama ɗaki ake nufi. Ta ƙara da cewa kalmar da ta ƙare da -ness, -tion ko -ment galibi suna ce. A dare ɗaya yarinyar ta warware abin da ya ɗaure mata kai mako biyu. Da ni na tsara manhajar, wannan darasin zan sa na biyu.

Inda na ce kuɗina bai tafi a banza ba shi ne sashen suna mai ƙirguwa da mara ƙirguwa. An nuna kofi uku a tebur ana ƙirgawa, sannan aka zuba yashi aka ce to ƙirga. Daga yashi aka gangaro zuwa kalmomin da Turanci yake ɗauka tamkar yashi ko da mu muna ganinsu ɗai-ɗai: "advice", "information", "furniture", "luggage", "equipment". Ba sa karɓar s, ba sa karɓar "a", in kana son guda ɗaya sai ka ce "a piece of advice". Suna tafiya da "much", masu ƙirguwa kuma da "many". Nan na gane tushen kuskuren 'yata. Hausa tana da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, labari da labarai, duk suna jam'i lafiya lau, sai mai Hausa a ka ya ɗauki wannan ya kai Turanci. Har da "news", wadda take da s a ƙarshe amma tilo ce, "the news is good". Ni kaina na koma cikin tsofaffin wasiƙuna na tarar da "equipments" a guda biyu. Ban gaya wa yarinyar ba.

Darasin jam'i bai ba ta wahala ba. Wanda ya taso da gida gidaje, littafi littattafai, ɗaki ɗakuna, ƙara s wasa ne a wurinsa, kuma "child" da "children", "foot" da "feet", "mouse" da "mice" sun shiga kanta a zama biyu. Abin da na ƙaru da shi a nan shi ne furuci. Muryar manhajar tana fitar da s ɗin kala uku, s a "cats", z a "dogs", iz a "buses". Haka ta nuna cewa "a" da "an" sauti suke bi ba harafi ba, shi ya sa ake cewa "an hour" amma "a university".

Akwai giɓin da ba ta taɓa ba ko kaɗan, don ba a yi ta da mai harshe irin namu a zuciya ba. A Hausa kowane suna tilo yana da jinsi, mota mace ce, tebur namiji. Don haka yarinyar takan rubuta "The car is new, she is red", manhajar ta ce kuskure, ta gyara zuwa "it", shi ke nan. Ni na zauna na bayyana mata cewa sunayen abubuwa a Turanci ba su da jinsin nahawu. Haka na yi amfani da -n da -r namu, littafin da motar, na kusanto mata da aikin "the", duk da ba daidai suke tafiya a ko'ina ba.

Sau ɗaya kuma na yi jayayya da manhajar. Na zaɓi "The team are playing well", ta ce na faɗi. A Turancin Ingila wannan daidai ne ga suna tattarau, wato sunan rukuni irin "team", Amurkawa ne suka fi tsayawa kan "is". Babu inda manhajar ta faɗi wane Turanci take bi. Na tura musu saƙo, har yau shiru.

Talla a ɓangaren kyauta tana da yawa, kuma bidiyo ba ya buɗewa in babu intanet mai ƙarfi. Taurarin da take bayarwa kuwa sun sa yarinyar ta fara maimaita darussa masu sauƙi don tara maki, sai da na hana.

Zan ba ta 3 cikin 5. Tana da amfani ga yaron da babba zai zauna kusa da shi, musamman wanda zai iya kwatanta masa da harshen gida. Wanda za a miƙa wa waya a tafi a bar shi, jan gicciyen nan mara bayani zai kashe masa gwiwa kafin ya kai darasi na 14. Mun tsaya a alamar mallaka, bambancin "boy's" da "boys'", kuma na sabunta rajistar wata ɗaya kawai don mu ga yadda za ta yi da aikatau. Jiya da dare ina rubuta saƙo a kwamfuta, yarinyar ta tsaya a bayana tana karantawa, can ta sa yatsa a allon ta ce, "Baba, cire s ɗin nan, feedback ba ya ƙirguwa."