Katin Kirsimeti a Sabon Gari: bugu mai kyau, sai dai a kula da gaisuwar

A kusa da France Road a Kano akwai wani shagon buga kati da banar talla wanda 'yan kasuwa ke cika shi tun tsakiyar Nuwamba. Bugunsu ba shi da makusa. Katin da takarda mai kauri suke yinsa, giram 300, su lulluɓe shi da leda marar sheƙi wadda ba ta riƙe sawun yatsa. Banar fileks kuwa suna naɗe bakinta, su sa ƙawanya a kusurwoyi huɗu da tsakiya, shi ya sa iskar hunturu ba ta yaga ta.

Inda muke da ƙorafi shi ne samfurin da suke fara nuna wa ɗan kasuwar da ya kawo aiki. Kusan duk "Barka da hutun ƙarshen shekara" ne, da tauraro da kintinkiri. Sai ka tambaya kafin a fito maka da mai "Barka da Kirsimeti". Hujjarsu ita ce kati ɗaya zai shiga hannun Musulmi da Kirista.

Kiristocin Kano ba duka suka damu da wannan ba. Da yawa suna karɓa su yi godiya, musamman daga banki ko kamfanin waya. Abin da ke sosa rai shi ne shagon da ya kafa "Barka da Sallah" da manyan baƙaƙe, amma Disamba na zuwa ya kasa kiran bikin da sunansa, alhali gwamnatin tarayya kanta tana ba da hutun 25 ga wata da sunan Kirsimeti. 'Yan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, da masu yi wa coci sayayya suna lura da haka. Ba su cika yin hayaniya ba, cinikinsu kawai suke kaiwa wani wuri. A Amurka abin ya fi zafi: babban kantin Walmart ya sha suka a 2005 kan guje wa sunan bikin, ya dawo da sunan Kirsimeti a tallansa a 2006.

Gyaran ba shi da tsada. A raba odar gida biyu: mai sunan Kirsimeti ga abokan ciniki Kiristoci, na sabuwar shekara ga kowa. In injin faranti za a yi amfani da shi, wanda kowane launi ke da farantinsa, a rubuta gaisuwar da baƙin tawada kaɗai, sai a canza faranti ɗaya maimakon huɗu.

Kada a yarda da hoton WhatsApp a matsayin gwaji, domin jan da ke waya yakan fito da duhu a takarda. A nemi gwaji na zahiri, a duba ƙ da ɗ, don wasu salon rubutu na manhajar zane ta CorelDraw ba su da su, sai akwati ya fito a madadinsu. A kai aiki a makon farko na Disamba. Bayan nan layi ya yi tsawo, kuma katin da aka sa wa leda tawada ba ta bushe ba yakan yi kumburi.